Kwaɗo a Ƙofar Nas

"Mama! Mama, na dawo!"

Firit ce take dukan ƙofar ɗakinsu da tafin hannu, jakar makaranta tana reto a bayanta, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Shekararta shida, amma ƙanƙantarta ta sa duk gidan hayar an manta da sunanta na gaskiya.

Matar Tela ta leƙo daga kicin, hannunta duk kumfa. "Ke Firit, idon naki na ado ne? Ba ki ga kwaɗo ba? Mamanki ba ta dawo ba. Zo ki cire kayan makaranta ki ci abinci."

"Ta ce yau tana gida."

"Kullum ma haka take faɗa. Taho ni dai."

Tela yana jin su daga shagonsa da ke bakin ƙofar gidan. Ya ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki, ya leƙa tsakar gida. Kwaɗon yana nan rataye a ƙofar, baƙi, ƙato. Sai dai shi ya san abin da matarsa ba ta sani ba. Nas, uwar Firit, tana cikin ɗakin nan. Tun da hantsi ta shiga, kuma ba ta fito ba.

A bangon shagon akwai dogon madubi da masu ɗinki suke duba kansu idan sun zo gwaji. In ka zauna a kan keken ka ɗan karkata kai, madubin yana ɗauko maka, ta taga, bakin lungun da ya taso daga titi ya bi ta bayan ɗakuna. Ɗakin Nas ne kaɗai yake da ƙofa ta biyu a lungun. Watannin baya Tela ya fara lura da wani abu. Sai ta fito da jaka a kafaɗa, ta datse kwaɗo da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta ce, "Mutanen gida, sai na dawo," ta fita titi. Jim kaɗan sai ga ta a madubi, kai a sunkuye, takalmi a hannu, ta shige lungu. Daga nan sai ya ji an tura sakata.

Me zai sa mace ta datse kwaɗo a waje alhali tana ciki? Tambayar nan ta daɗe tana cin Tela. Bai faɗa wa kowa ba. Ta ina zai fara? Ya ce wa matarsa yana kallon macen da ba ta da miji ta cikin madubi?

Ba wai ta zama nas ba ne. Tana makarantar koyon aikin jinya, shekarar ƙarshe. Da safe aji ko ɗakin marasa lafiya, da yamma kuma aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi, inda take share ɗakuna, ta wanke kayan aiki, ta kira masu layi. Mijinta ya rasu tun Firit tana goye. Amma tun ranar da aka fara ganinta da farar riga, gidan ya naɗa ta Nas, ba wanda ya jira takarda.

Da ta shigo gida, kafin ta sauke jaka, an taru. Tsohuwar ɗakin ƙurya ta nannaɗe hannun riga a auna mata jini. Wata ta kawo jariri mai ƙuraje. Wani ya zo da ƙwayoyi a leda a faɗa masa na safe da na rana. Har daga maƙwabta ake aikowa.

"Ni fa ɗaliba ce," in ji ta. "In na kashe ku, ba ruwana."

Sai a yi dariya, a miƙo hannu.

Tana da nata dabaru na rage wa kanta nauyi, duk gidan an sani, ana ma yi mata tsiya a kai. In tana wanki, sunayen ƙasusuwan jikin mutum take jerawa da ƙarfi, Firit tana amsawa kamar waƙa. Girki ɗaya take yi ya kai su kwanaki. Wani lokaci sai ta kife bokiti a bakin famfo ta zauna, ta tsoma ƙafafu a ruwan sanyi, ta rufe ido tana jan numfashi a hankali. In aka yi mata magana sai ta ɗaga yatsa, "Ku bari, kaya nake saukewa."

Tela bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Shi abin da ya gani daban ne. Ya ga ta rame har sau biyu tana kawo masa farar rigar a rage. Ya ga hannunta yana rawa lokacin da take nuna masa inda zai tsuke. Ya ga ta ciro ƙwaya daga aljihu ta haɗiye ba ko ruwa.

"Ta mece ce wannan?" ya tambaye ta ranar.

"Ciwon kai ne, Malam Tela. Kawo hannunka ma in gani, fuskar nan taka ba ta yi mini ba." Ta ɗaura masa abin awo, ta matsa, ta saurara. "Ka gani ko? Naka ya hau. Tunani ya yi maka yawa. Yaran nan Allah zai raya su, ka bar ƙirga su kamar awaki."

"Ke fa, naki nawa ne?"

Ta yi dariya tana naɗe robar. "Wa zai auna ni? Sai bayan jarrabawa."

Ga kuma mai babur. Wani dogon saurayi mai jar hula, kullum shi yake ɗaukarta da yamma, kuma ba a ƙofar gida yake tsayawa ba, sai a bakin lungu. Yau da hantsi, bayan Nas ta yi sallamarta ta ƙarya ta zagaya, Tela ya ga mai jar hular ya bi ta cikin lungun ɗauke da wani abu a kafaɗa. Daidai lokacin wani mai ƙiba ya shigo gwada riga, ya tsaya a gaban madubin yana juyi, yana ƙorafin wuya ya matse shi. Kafin ya kauce an jima. Tela bai ga fitowar kowa ba.

Da a ce shi kaɗai ne, da bai dame shi haka ba. Amma akwai Yaya, babbar 'yarsa, wadda ta gama sakandare bana, ta kafe ita ma sai makarantar jinya. Bakinta ba ya rabuwa da "Anti Nas ta ce." Makon jiya ya hana ta shiga ɗakin Nas, ta tambaye shi dalili, ya ce shi ne ubanta, dalilin ke nan. Tun ranar gaisuwa kawai take haɗa su.

Ya koma kan keke, ya taka, zare ya tsinke. Ya zura, ya sake tsinkewa.

Firit ta ci abinci ta dawo bakin ƙofarsu ta zauna a ƙasa, ta jingina da kwaɗon a saman kanta. Tsohuwar ɗakin ƙurya ta fito tana dogara bango, ta ga ƙofa a kulle, ta yi tsaki.

"Yarinyar nan ta fara girman kai. Kwana nawa ina neman a duba ni, kullum ba ta nan."

"Tana makaranta, Iya," in ji matar Tela.

"Ba ta da aji yau," in ji Yaya daga inda take guga. "An ba su hutun karatun jarrabawa. Ƙila ta karɓi aikin wata ne a asibiti, ai suna musanya tsakaninsu."

"To da wanne za a ji? Kira ta mana," in ji tsohuwar.

Yaya ta kira. Wayar ta yi ta shiga ba a ɗauka ba.

"In tana aiki ba ta ɗauka," ta ce, ta ci gaba da gugarta.

Tela yana ji. Zuciyarsa ta rabu biyu. Wani gefe yana ce masa ya bar su, yamma za ta yi, dole a buɗe, in ya so Yaya ta ga Antin tata da idonta, ya huta da bayani. Wani gefen yana kallon 'yar yarinyar da ke zaune a ƙasa tana zana gida da yatsa. In an buɗe aka ga namiji, a gaban wa za a gani? Gobe 'ya'yan gidan nan da me za su riƙa tsokanarta? Kuma shi da ya tona, me za a kira shi?

Amma akwai abin da ya fi waɗannan damunsa, ya ƙi yarda ya kalle shi sosai. Duk ranar da Nas ta yi wannan ɓuyan, kafin a tashi 'yan makaranta take fitowa ta lungu, ta zagayo ta ƙofar gida tana cewa, "Wash, na gaji," kamar daga nesa take. Ba ta taɓa bari Firit ta tarar da kwaɗo ba in tana ciki. Ko sau ɗaya.

Ya tashi kamar zai zubar da ƙyallaye, ya fita titi, ya leƙa lungun. Ƙofar baya a rufe. Tukunyar gas tana ajiye a bakinta. Tagar a rufe, labule a sake. Ya matsa kaɗan, ya kasa kunne. Fanka tana juyawa. Ƙarƙashin ƙarar fankar akwai wani sauti mai nauyi, kamar minshari.

Minsharin namiji ne, ya ce a ransa. Mace ba ta irin wannan. Kunya ta kama shi, ya waiga ko wani ya gan shi, ya koma shago da sauri da ƙyallayensa a hannu.

"Baban Yaya, lafiya?" matarsa ta tambaya da ta kawo masa ruwa. "Tun ɗazu ban ji ƙarar keke ba."

"Zaren ne ba shi da kyau."

"Kai ka sayo shi ai."

Ta tsaya tana kallonsa, shi kuma yana kallon allura. Ta ajiye kofin ta fita.

Rana ta karkata, inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gida. Firit ta yi barci a bakin ƙofa, Yaya ta ɗauke ta ta kwantar a kan tabarma. Sai ga ƙarar babur a bakin lungu, aka danna hon. Aka jima, aka sake dannawa. Tela ya ɗaga kai ya kalli madubi.

Jar hula.

Saurayin ya kafe babur, ya zagayo ya leƙo shagon. "Sannu da aiki, Baba. Don Allah a yi mini magana da Nas, lokacin aikinta ya yi. Na kira wayar har na gaji."

Tela ya miƙe tsaye, almakashi ya faɗi ƙasa. "Kai... yaushe ka fita?"

"Daga ina, Baba?"

"Da hantsi na ga ka shiga lungu."

"Au, gas na kai mata bakin ƙofa, na juya. Ta ce kanta yana sarawa kamar zai tsage, za ta ɗan kwanta kafin 'yan makaranta su taso. Ai shi ya sa take sa kwaɗon nan, don mutanen gidanku su bar ta ta runtsa. Ta ce in na kuskura na faɗa, ta canza mai babur." Ya yi 'yar dariya, sai ya ga fuskar Tela, dariyar ta tsaya. "Baba, ba ta fito ba?"

Tela bai san lokacin da ya isa tsakar gida ba. "Tana ciki! Nas tana ciki! Kai, ɗauko ƙarfe a babur ɗinka!"

Matarsa ta fito da ludayi a hannu. "Wane irin tana ciki? Ga kwaɗo kana gani."

"Ta baya take shiga. Tun hantsi tana ciki."

"Wa ya gaya maka?"

"Na gan ta."

"A ina ka gan ta?"

Duk ƙofofin gidan sun buɗe. Yaya ta ajiye dutsen guga tana kallonsa.

"A madubi," ya ce.

Mai babur ya shigo da gudu da ƙarfen cire taya, ya zura a bayan ƙarfen da ke riƙe da kwaɗon, suka danna su biyu. Katakon ya tsage, kusoshi suka fito.

Ɗakin da duhu da zafi, duk da fankar. Littattafai a buɗe a kan gado, kofin shayi ya huce a kan kujera. Nas tana ƙasa tsakanin gado da bango, rigingine, bakinta ya karkace gefe guda, numfashinta yana fita da wannan minsharin da ya ji ta taga. Abin awon jini yana naɗe a damtsenta na hagu, bai gama ɗauruwa ba, robar matsawar tana cikin tafin hannunta na dama.

"Innalillahi," in ji matar Tela. Ta juya da sauri ta tare ƙofa da jikinta. "Ku ɗauke Firit! Ku kai ta ɗakina, kar ta gani!"

Yaya ce ta ratsa ta gefen uwarta ta durƙusa. "Kar ku ɗaga ta zaune. Baba, kama kafaɗarta, mu juya ta gefe. A hankali. Riƙe kan." Ta share mata baki da gefen mayafinta, ta sa yatsu a wuyanta. "Jijiyar tana bugawa. A nemo mota."

Tela ya riƙe kan. Bai taɓa zaton kan mutum yana da nauyi haka ba, ga shi jikin kuwa kamar na yarinya.

A babban asibiti aka karɓe ta da gudu, don wasu daga cikin masu fararen kayan 'yan makarantarsu ne. Wata ta ga fuskarta ta saki tiren da ke hannunta. Aka bar Tela da mai babur a kan benci a baranda, suna kallon ƙafafun masu wucewa.

Da likita ya fito, ya ce jini ne ya hau har jijiya ta fashe a cikin kai. Ya tambaya ko akwai danginta. Tela ya ce maƙwabci ne shi, an kira yayanta, yana hanya. Likitan ya juya zai tafi, Tela ya bi shi.

"Likita, don Allah. Da an kawo ta da wuri fa? A ce tun azahar?"

Likitan ya dube shi, ido duk gajiya. "Malam, wani a kawo shi nan take ya tafi, wani ya kwana a ƙasa ya tashi. Ban sani ba."

"Amma zai yiwu?"

"Na ce maka ban sani ba."

Ba ta farfaɗo ba. Washegari aka bar Tela ya leƙa ta ta gilashi, ya ga an aske gefen kanta, an sa mata roba a baki, wata 'yar ajinsu tana zaune tana shafa mata mai a ƙafa. Kwana na biyu da safe, yana buɗe shago, wayar matarsa ta yi ƙara a kicin. Bai ji abin da aka ce ba. Ƙarar faɗuwar murfin tukunya kawai ya ji.

Gidan ya cika ya batse da masu gaisuwar rasuwa. 'Yan ajinsu suka zo a jere, suka zauna a tsakar gida suna kuka suna ba da labari. Su sun ɗauka ranar tana wurin aiki. Na wurin aikin suka ce sun ɗauka ta samu wadda za ta riƙe mata ne. Wata ta ce ta sha ce mata ta je a duba ta, tana cewa sai an gama jarrabawa. Tsohuwar ɗakin ƙurya ta fi kowa kuka, tana faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa yarinyar nan ba ta taɓa ce mata a'a ba.

Ba wanda ya yi wa Tela maganar madubi. Wasu ma hannu suka riƙa ba shi, wai Allah ne ya sa ya lura. Yana karɓa, yana kallon ƙasa.

Sai da baƙi suka ragu matarsa ta same shi a shago, ta tura ƙofa ta jingina da ita.

"Baban Yaya, tambaya ɗaya zan yi maka. Lokacin da yarinyar nan take buga ƙofa, ka san uwarta tana ciki?"

"Na sani."

"Da na kawo maka ruwa fa?"

Ya gyaɗa kai.

"Me ka zata?"

Ya juya ya kalli madubin da ke bango. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa yadi in tana neman inda ya yage. Sannan ta ce, "Yaya ta ce gobe za ta je ta ji yadda ake shiga makarantar. Na ce ta tambaye ka."

"Ba ta tambaye ni ba."

"Ba za ta tambaya ba." Ta buɗe ƙofa. "In za ka raka ta, ka tashi da wuri."

Da safe ya sa rigarsa ta fita, ya zauna a kan benci a tsakar gida yana jiran Yaya ta gama shiri. Ranar ce kuma kawun Firit zai tafi da ita. An ɗaure kayanta a jaka biyu an ajiye a bakin ƙofa.

Firit tana bakin famfo da autan Tela, wanda ya ɓata hannu da miya. Ta hau kan bulo don ta kai, ta kama hannunsa ta sa a ƙarƙashin ruwa.

"Ba haka ba. Kai ƙazami ne. Tafi da tafi tukuna. Yanzu baya. Sa yatsu cikin yatsu. Babban yatsa shi kaɗai, murza shi. Ɗayan ma."

Yaron yana bin ta, harshe a waje. Ruwa yana ta zuba yana bin rariya. Tela, da ba ya iya ganin famfo a buɗe bai yi faɗa ba, ya zuba musu ido.

Da suka gama, ta ɗaga hannayenta sama, ruwa yana gangarowa zuwa gwiwar hannu. Ta miƙe a kan yatsun ƙafa, ta tura kan famfon da gwiwar hannunta har ya rufe.